Tambayoyi da amsoshi kan littattafan zane na manya da aka ɗauko daga Littafi Mai Tsarki

Ina koyar da zane a wata sakandare mai zaman kanta a nan Kano, makarantar da ɗan Fagge da ɗan Sabon Gari suke zama benci ɗaya. Tun da yara suka fara sauke littattafan zane a waya iyaye ke tare ni da tambaya, musamman kan waɗanda aka gina a kan labaran Littafi Mai Tsarki aka kuma cika su da jini. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa. Ni Musulmi ne, don haka inda magana ta shafi aƙidar Kirista na tsaya ga abin da ke rubuce da abin da tarihi ya tabbatar.

Wai waɗanne irin littattafai ne waɗannan?

Labari ne da ake bayarwa da jerin hotuna na zanen hannu, akwati bayan akwati, maganar mutane a cikin 'yan da'irori, irin tsarin Supa Strikas da yaranmu suka sani. Bambancin shi ne an ɗauko labarin daga Farawa ko Mahukunta ko Sarakuna ko Linjila.

Sai dai ba uwa ɗaya ta haife su ba. Akwai waɗanda kamfanonin Kirista ke bugawa don koyar da yara, kamar The Action Bible na 2010, wanda Sergio Cariello, ɗan Burazil da ya yi wa Marvel da DC, manyan kamfanonin littattafan zane na Amurka, aiki, ya zana. Akwai yaƙi a ciki, amma an rage masa kaifi. Akwai waɗanda suka bi nassi kalma da kalma ba su tsallake komai ba, su ne yaro bai kamata ya buɗe shi kaɗai ba. Sannan akwai waɗanda suka ari sunaye kawai suka ƙirƙiri nasu labarin, wani don ban tsoro, wani don zolaya. Yawancin ƙorafin da nake ji a kan na ƙarshen nan ne, amma mai ƙorafin sai ya haɗa su duka ya yi musu kuɗin goro.

Malam, ba duk abin da aka zana na yara ba ne?

A'a, Hajiya, kuma wannan zaton ne ke sa littafin manya ya shiga jakar ɗan aji biyu ba wanda ya ɗaga ido. A Amurka an taɓa tilasta wa wannan sana'a ta zama ta yara. A 1942 wani mai ɗab'i, Max Gaines, ya fara fitar da Picture Stories from the Bible, tsaf-tsaf ba abin kunya. Bayan rasuwarsa ɗansa ya gaji kamfanin ya juya shi zuwa labaran ban tsoro, kawuna na gangarowa. Hayaniya ta tashi har majalisar dattawan ƙasar ta zauna a kai a 1954, kamfanonin kuma suka kafa wa kansu hukumar tacewa mai buga hatimi a bango. Masu zanen da ba su yarda ba suka koma bugawa a bayan fage, daga baya manyan kamfanonin da kansu suka buɗe sashen manya, kamar Vertigo da DC ta kafa a 1993. Hatimin nan ya mutu a 2011. Yau zane hanya ce ta ba da labari kamar fim: akwai na yaro, akwai wanda babba ma sai ya kau da kai.

Kashe-kashen da ake gani, masu zanen ne suka ƙirƙira ko yana cikin littafin asali?

Da yawansa yana ciki, kuma duk mai Littafi Mai Tsarki na Hausa a gida zai iya dubawa. Tun 1932 aka fitar da cikakkiyar fassararsa da Hausa. Farawa sura 4, Kayinu ya kashe ɗan'uwansa Habila a saura. Sura 34, Saminu da Lawi suka auka wa mazan Shekem a rana ta uku bayan an yi musu kaciya, suna cikin jinya, suka karkashe su saboda abin da aka yi wa 'yar'uwarsu Dinatu. Littafin Mahukunta kuwa kusan kowace sura da nata. Ehud, bahago, ya soka wa sarki Eglon takobi har kitse ya rufe ƙotar. Yefta ya yi wa'adin da ya faɗa kan 'yarsa tilo. An ƙwaƙule idanun Samson. Sura 19 ita ce mafi nauyi: matar da aka yi wa fyaɗe dare guda har ta mutu a bakin ƙofa, aka yanka gawarta gunduwa 12 aka aika wa kabilu. A 1 Sama'ila 17 labarin Goliyat bai ƙare da dutsen majajjawa ba, an sare kansa. A 2 Sarakuna 9 an jefo Yezebel ta taga, karnuka suka cinye ta.

Waɗannan ba su ne ake karanta wa yara a makarantar Lahadi ba, shi ya sa Kirista da yawa ma sai sun girma suke cin karo da su. Masu zane kuwa tun ba yau ba suke zuwa nan ɗibar labari. Artemisia Gentileschi ta zana Yayel da Sisera a 1620, Gustave Doré na Faransa ya fitar da zanensa na Littafi Mai Tsarki a 1866, da hoton ruwan tsufana inda iyaye ke tura 'ya'yansu kan dutse suna nitsewa.

Abin da ba ya cikin nassi shi ne jin daɗin jinin. Nassin yakan faɗi abu a jimla ɗaya ya wuce. Wasu masu zanen su kuma nan suke shimfiɗa tabarma.

To in dai yana rubuce, me ya sa zanen ya fi tayar da hankali?

Saboda mai zane ba shi da damar yin shiru inda marubuci ya yi shiru. Ɗauki labarin Yayel a Mahukunta 4. Sisera, sarkin yaƙi, ya gudo ya shiga alfarwarta, ya roƙi ruwa ta ba shi madara, ta lulluɓe shi, barci ya kwashe shi. Aya ta 21 kaɗai ta gama aikin: ta ɗauki turken alfarwa da guduma, ta lallaɓa, ta kafa masa a gefen kai har ya shiga ƙasa. Mai karatu ya wuce cikin daƙiƙa biyar.

Yanzu ba wa mai zane wannan aya. Dole ya yanke shawara: fuskar Yayel tsoro za ta nuna ko ƙudura? Hannunta na rawa? Daga ina za mu kalla, daga bayan kafaɗarta ko daga ƙasa kusa da kunnen mai barci? Zai tsaya a akwatin da guduma ke sama, na gaba ya nuna alfarwar daga waje da tsuntsaye sun tashi, ko zai ba turken shafi guda cur da jini na tsartuwa? Duka biyun ba su saɓa wa ayar ba. Amma na farko ya bar wa mai karatu aikin, na biyu ya cusa masa a ido, kuma hoto ba ya wucewa kamar fim. Yana nan a shafi, yaro ya koma ya sake kallo sau nawa ya ga dama. Gani ya kori ji. Idan ina auna irin wannan littafi ba yawan gawarwaki nake ƙirgawa ba, inda mai zanen ya ajiye idon mai kallo nake dubawa.

Na ji ana ambaton wani Crumb. Shi wane ne?

Robert Crumb Ba'amurke ne, an haife shi a 1943, ya yi suna a zanen bayan fage mai cike da batsa da zolaya, daga baya ya koma zama a kudancin Faransa. Da aka ji zai zana littafin Farawa kowa ya ɗauka izgili zai yi. Sai ya ba da mamaki. A 2009 ya fitar da The Book of Genesis, surori 50 cif, bai cire ko jerin sunayen wane ya haifi wane ba, kowane suna ya ba shi fuskarsa. Kimanin shekara huɗu ya yi yana aikin, da baƙar tawada kaɗai, inuwa duk da ƙananan layuka masu giciye da juna. Mutanensa masu kauri ne, ƙafafu da ƙura, gemu a cukurkuɗe, ba irin fararen fuskoki masu sheƙi na kalandar coci ba. A gabatarwa ya faɗa ƙarara cewa shi bai ɗauki littafin maganar Allah ba, maganar mutane ya ɗauke shi. A bango kuma an rubuta gargaɗin cewa yaro ya karanta da kulawar babba.

A fannin sana'a, aiki ne da nake jinjina wa haƙurin mai shi. Amma akwai tsiraici a fili, akwai saduwa, kuma ya zana Mahalicci a siffar tsoho mai dogon farin gemu. Wannan kaɗai ya isa ya sa ba na kai shi aji, ba na kuma ba ɗalibi aro.

The Goddamned fa, da samari ke turawa juna a waya?

Wannan shi ne na ukun da na ambata. Jason Aaron ya rubuta, R. M. Guéra ya zana, kamfanin Image ya fara fitarwa a 2015. An ajiye labarin kimanin shekara 1,600 bayan fita daga Adnin, gab da tsufana. Kayinu ne jarumin, an ce la'anar da aka yi masa ita ce ba zai mutu ba, yana yawo yana neman abin da zai kashe shi. Farawa 4:15 cewa ta yi an sa masa alama don kada wanda ya same shi ya kashe shi. Sauran duk ƙirƙirar marubucin ne. Duniyar labarin laka ce da ƙashi da ashar, kuma mutumin da suka ba sunan Nuhu sun mai da shi shugaban mayaƙa mai bautar da mutane. Ba a Farawa wannan yake ba, ba a Alƙur'ani ba. Labarin ban tsoro ne da ya ari riga. Wanda ya ce maka ya koyi tarihin addini a cikinsa, bai karanta ko ɗaya daga littattafan biyu ba.

Da gaske akwai ɗan Najeriya a cikin masu wannan aiki?

Akwai. Ajibayo Akinsiku, wanda aka fi sani da Siku, an haife shi a Ingila, ya tashi a Najeriya, ya yi karatun zane a Yaba da ke Legas, ya koma Ingila ya yi suna a mujallar 2000 AD yana zana Judge Dredd. Ya karanci tauhidin Kirista, sannan ya fitar da The Manga Bible a 2007, da salon zanen Japan. Nasa na mai imani ne da ke neman jawo matasa. Akwai duhu da zafin yaƙi, amma ba don wulaƙanci ba.

Malam, ɗana ya ce min ai tarihin annabawa ne, duk ɗaya ne da namu. Haka ne?

Alhaji, sunayen sun yi tarayya, labaran ba duka ba. Ƙissar 'ya'yan Annabi Adamu biyu tana Suratul Ma'ida, aya 27 zuwa 31, har da hankakan da ya nuna yadda ake binne gawa, wanda babu shi a Farawa. Kashe Jaluta da Annabi Dawuda ya yi yana Baƙara, aya 251. Amma akwai wuraren da hanya ta rabu sarai. Farawa 9 da 19 da 2 Sama'ila 11 sun jingina wa Nuhu da Lutu da Dawuda, amincin Allah ya tabbata a gare su, abubuwan da Musulmi bai yarda annabi zai aikata ba, domin a aƙidarmu annabawa ma'asumai ne. Kirista kuwa yana karanta waɗannan surori a matsayin shaida cewa kowane ɗan Adam mai rauni ne, har zaɓaɓɓu. Mai zanen da ke neman abin da zai girgiza mai karatu, waɗannan surorin yake fara nufa.

Ga kuma batun surar kanta. Jumhurin malamai sun hana zana annabawa ko fitowa a matsayinsu. Shi ya sa fim ɗin The Message na 1976 bai nuna Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ba ko sau ɗaya, shi ya sa kuma Azhar ta yi tir da fim ɗin Noah na 2014, ƙasashe irin su Ƙatar da Bahrain da Daular Larabawa suka hana nuna shi. Shi ma wannan fim yana da littafin zanensa, wanda Niko Henrichon ya zana. Don haka a gidan Musulmi a Kano ba jinin ne matsala ta farko ba. Ko littafin da ba ɗigon jini a cikinsa, in ya ba annabi fuska, an riga an shiga inda malamanmu suka hana. Ka zaunar da yaron ka buɗe masa Ma'ida ka nuna masa bambancin. Ƙwace waya kaɗai ba ya amsa tambayar da ya riga ya yi.

Ni ina koyarwa a makarantar Lahadi a Sabon Gari. Mu Kiristoci an yarda mana da irin wannan?

Mama, limaminki ko fastonki ne zai ba ki hukunci, ni tarihin kawai zan iya ba ki. Kiristoci ba su taɓa zama baki ɗaya kan hoto ba. Fitowa 20:4 ta hana yin siffa, a daular Rumawa ta gabas an yi shekaru ana farfasa hotunan coci a ƙarni na 8, har majalisar Nikiya ta biyu a 787 ta halatta su. Katolika na rataya matakai 14 na hanyar gicciye a bangon coci, da bulala da ƙusa da jini. Mabiya Calvin, ɗaya daga jagororin Furotesta, kuma sun share bangonsu fes. Kin ga ke nan a Sabon Gari kaɗai za ki samu duka ra'ayoyin a titi ɗaya.

Inda suka fi haɗuwa shi ne kan izgili. A 2019 DC ta shirya fitar da Second Coming, labarin da ya sa Yesu zama ɗaki ɗaya da wani jarumi mai tashi sama. Sama da mutum 200,000 suka sa hannu a takardar ƙin amincewa, DC ta janye, wani ƙaramin kamfani, Ahoy, ya buga daga baya. Ga ajinki, waɗanda aka yi don koyarwa sun wadatar, su ma ki riga yaran karantawa.

Ana sayar da su a Kano? Doka ta ce me?

Na koyarwar ne ake iya cin karo da su a shagunan littattafan Kirista, wani lokaci a tarin gwanjon littattafai da ake bazawa a gefen titi. Na manyan kusan duka ta waya suke shigowa, domin na takarda sai an yi oda daga waje, da canjin dala kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin ɗalibi.

Jihar Kano na da Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i tun 2001, kuma hurumin ta ya haɗa da littattafai. A 2023 ta kwashe kwafe-kwafen Queen Primer, littafin koya wa yara karatun Turanci, daga kasuwa da makarantu. Dokar final kod ta Arewa ta haramta cin zarafin addinin kowa, ga kuma dokar shari'a da jihar ta ɗauka a 2000. Amma abin da ya fi doka saurin isowa shi ne taron jama'a. Zanen da wata jarida ta buga a Denmak a Satumbar 2005 ya jawo asarar rayuka da ƙona coci-coci a Maiduguri a Fabrairun 2006, aka yi ramuwar gayya a Anaca, waɗanda suka mutu kuwa ba su san ma inda Denmak take ba. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina, Musulmi da Kirista: kada ka yanko shafi ɗaya ka saka a WhatsApp ko Facebook, ko da niyyarka ka nuna ɓacin ranka ne. Shafin zai yi tafiya ba tare da bayaninka ba, kuma wanda zai gan shi a Kurna ko Brigade ba zai san wani Ba'amurke da bai yarda da kowane addini ba ne ya zana. Maƙwabcinsa zai tuhuma.

Yaya zan gane wanda ya dace kafin ya shiga hannun yaro?

Dubi bayan bango ko kusa da lambar farashi. Harafin M na nufin na manya, T na matasa, E na kowa. Tambarin Vertigo ko Black Label ko MAX alama ce ta manya. Sai dai kwafen da ke yawo a waya sau da yawa an yanke bangon, don haka ki buɗe da kanki, ki tsallaka tsakiya, kada ki tsaya a shafukan farko. In littafin Farawa ne, je ki sura 19 da 34 da 38. Yadda aka zana waɗannan zai gaya miki halin sauran. Minti biyar ya isa.

Kallon irin wannan zai mai da yaro mugu?

Ban taɓa ganin ɗalibin da littafi ya mai da shi ɗan daba ba. Abin da na gani shi ne ƙaramin yaro da ya kasa barci, da kuma babba da ya fara ɗaukar abin tsarki abin wasa. Na biyun ya fi damuna.

Yaya, ni mai zane ne, ina son yin labarin manya irin wannan da Hausa. Ta ina zan fara?

Ƙanena, ka bar annabawa da littattafan da mutane ke tsarkakewa, na kowane ɓangare. Ba ka rasa abin zanawa ba. Tarihin Kano kaɗai ya ishe ka shekara goma: Barbushe a kan Dala da tsumburbura, zuwan Bagauda, Muhammadu Rumfa da gina Kurmi, yaƙe-yaƙen Kano da Katsina, Kwararrafa a bakin ganuwa. Ga basasar 1893 zuwa 1895 tsakanin Tukurawa da Yusufawa, 'yan gida ɗaya suna yaƙar juna har aka kashe Sarki Tukur. Ga shigowar Turawa a 1903, lokacin da Sarki Alu ba ya gari, da faɗan Kwatarkwashi inda Waziri Ahmadu ya faɗi. A nan ma akwai jikoki da ke raye, don haka ka yi bincike, ka tambayi masana, kada ka ɗora wa kakan wani abin da bai yi ba.

Ka je Gidan Makama ka zauna da takarda da fensir, ka zana lifidi da sulke da kwalkwali yadda suke, ka ga yadda ake ɗaure linzami, ka auna faɗin Ƙofar Na'isa da idonka. Ka fara da shafi takwas, ba ɗari biyu ba. Ka rubuta shekarun masu karatu a bango da manyan baƙaƙe, kuma in za ka buga don sayarwa a jihar nan, ka kai wa hukumar tacewa kafin ka kai wa mai injin bugawa.